Bebe a Jikin Bango

A tsohon Zangon Kumasi, bayan rumbun goro,
kakana Ɗantani da baki ya ci abinci.
Ba roƙo ba, ba dillanci ba.
Shi ke tsayawa gefen farin ƙyalle
in an kunna majigin da ba ya magana,
ya ara wa Turawan bango harshe.

Kwabo biyu kuɗin shiga.
Mai kwabo ɗaya ya zaga bayan ƙyallen,
ya ga duniya a juye,
kowane jarumi ya koma bahago.

Iya Lantana ce ta ba ni labari,
ita da ta soya ƙosai a ƙofar wurin shekara tara
ba ta taɓa leƙawa ba.
Ta ce majigin nan iri uku ne:
na gudu, inda ɗan sanda ke faɗawa ganga,
na kuka, mace da ido kamar an zuba tozali da ludayi,
na ukun kuwa ta tofar da yawu, ta juya ƙosanta.

Fatake suka kai ƙara gun Liman Ƙasimu.
Yaran shago sun fara tsame kwabo a ƙwarya,
wani ya koyi murza gashin baki yana kallon matan mutane,
an ga Bature ya kafa kai a kwalba
ko bisimilla babu.

Liman ya ce ba a yanka shari'a da kunne.
Bayan lisha ya zo, ya biya kwabonsa biyu,
ya ƙi benci, ya shimfiɗa buzu.
Ya ce, Ɗantani, yau ka kama bakinka.

Inji ya kama ƙara kamar keken ɗinki.
Ga jirgin ƙasa, ga tsoho yana gyangyaɗi,
ga saurayi da takalmi ya buɗe baki.
Ya zare agogo daga aljihun tsohon,
ya kai ƙofa, ya tsaya.
Sai hannun kaɗai ya cika bango,
yana rawa, yana dunƙulewa, yana buɗewa.
Daga nan fari fat, sai ƙwari a cikin haske.

Ina ƙarshen? in ji Liman.
Ya ƙone tun a Sekondi, Allah gafarta Malam.
To, me kake gaya wa jama'a?
Daren Juma'a nakan ce ya mayar, ya nemi gafara.
Ran da ciniki ya yi kyau, ana son dariya,
nakan ce ya sayar, ya yi aure da kuɗin.

Liman ya daɗe yana jan carbi.
Ya ce, shekara talatin ina wa'azi kan sata,
ban taɓa iya nuna rawar hannun ɓarawo
kamar yadda beben nan ya nuna ba.
Wanda ya ɗauki hannun nan gwani ne,
ko da kafiri ne, ya san zuciya.
Amma bebe bai yi ƙarya ba, bai yi gaskiya ba,
ya kai mu bakin rijiya ya tsaya.
Guga a bakinka yake, Ɗantani,
kai za a tambaya.

Fatake ba su so hukuncin ba.
Lantana ta ce washegari ta ga wani mai rawani
ya biya kwabo ɗaya ya zaga ta baya,
daren da ɗan sanda ke faɗawa ganga.
Ta rantse ta san tarin.

Jiya a Aboabo, an ɗauke wuta,
jikata Zulai ta tono irinsa a waya,
baƙi da fari, mutane na tafiyar kaji.
Wata mace ta buɗe baki, ta daɗe tana faɗa.
Zulai ta tura min wayar har hanci:
Kaka, me take cewa?

Na gyara murya.
Sai na ji harshena ya yi nauyi,
kamar agogon wani a tafin hannuna.